Chari Maigumeri da Yaƙin Garwa

Kai da kake kora shanu ta bakin Binuwai, da kai mai ɗauko kaya daga Yola zuwa Garwa, ka san hanyar nan da kake bi sojoji sun taɓa bin ta da bindigogi?

A ƙarshen watan Agusta 1914 Turawan Ingila suka taso daga Yola don su ƙwace Garwa daga hannun Jamus. Ba su ji da daɗi ba, aka kashe kwamandansu Maclear, sauran suka koma Yola. A 1915 suka dawo tare da Faransawa, da manyan bindigogi, har da wadda aka hauro da ita ta kogi. Ran 10 ga Yuni 1915 Garwa ta sallama. Sojoji baƙaƙen fata da yawa sun faɗa Binuwai don su tsira, ruwa ya ci su.

Cikin waɗanda aka kama akwai wani saurayi mutumin Borno, Chari Maigumeri, wanda ya shiga sojan Jamus a 1913. Littattafan tarihin soja sun ce Jamus ta ba shi lambar yabo saboda jarumtarsa. To, ka ji ikon Allah, a 1917 sai ga shi cikin kakin waɗanda suka kama shi. Ya yi yaƙi a Gabashin Afirka, ya zama Saje Manjan Bataliya ta 3. A Yaƙin Duniya na Biyu ya je Habasha ya sami lamba, ya je Bama ya ƙaro wata. A 1953 ya halarci bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a Landan, ya yi ritaya da muƙamin kyaftin na girmamawa. Yau akwai barikin soja a Lokoja mai sunansa.

Shi ya ga yabonsa da idonsa. Ba kowa ya yi wannan sa'a ba. A Amurka akwai Henry Johnson, baƙar fata, ɗan dako a tashar jirgin ƙasa. A watan Mayu 1918, a Faransa, Jamusawa suka auka musu da dare, shi da abokin gadinsa. Bindigarsa ta cije, ya zaro wuƙa, ya hana su tafiya da abokin, ya fita da raunuka 21. Faransa ta ba shi lamba nan take, ƙasarsa kuwa ta yi shiru. Ya rasu a 1929 cikin talauci. Sai a 2015 Shugaba Obama ya ba shi lambar soja mafi girma ta Amurka, shekara 97 bayan daren.

Yanzu ka tambayi kanka, 'yan dakon da suka ɗauki harsashi a ka daga Yola, da waɗanda Binuwai ya cinye, wa ya riƙe sunayensu? Kuma wannan yaƙin ne ya sa Ingila da Faransa suka raba Kamaru a 1916, aka ja iyakar da kake tsayawa a kai yau ana duba takardunka.

In akwai tsoho a rugarku ko unguwarku da ya ji labarin nan a bakin kakansa, ka zauna da shi tun yana raye, ka sa yaro ya rubuta sunayen. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu zaman lafiya.