Gajimaren da Suka Ƙi Bin Da'ira

Mu masu nazarin galaksinmu mun gaji wata wahala: muna zaune a cikin abin da muke son zanawa, ƙura kuma ta tare mana gaba. A 1951 William Morgan ya gano hannuwan galaksi masu murɗewa da ke kusa da Rana ta hanyar bin sawun taurari matasa masu zafi, amma hasken ido ba ya nisa. A shekarar ce kuma aka fara kama siginar rediyo ta haidirojin mai zangon santimita 21, wadda ke ratsa ƙura. Sai dai siginar gudun gajimaren gas take faɗa, ba nisansa ba. Don a mayar da gudu nisa, Jan Oort da abokan aikinsa suka ɗauka cewa kowane gajimare yana kewaya tsakiyar galaksi a da'ira sak, kuma a kan wannan zato suka gina taswirarsu ta galaksi a 1958. A ganina, duk abin da ya biyo baya fafutukar kuɓuta ce daga zaton nan.

Ai su hannuwan ne da kansu ke rushe shi. Tun zamanin Bertil Lindblad an san cewa cikin galaksi ya fi wajensa saurin kammala zagaye, don haka hannun da yake tarin abu ɗaya zai nannaɗe kamar zare a jikin mazari. A 1964 Lin da Shu suka ce hannu igiyar cunkoso ce da gas ke shiga yana fita, yana matsewa har ya haifi taurari. In haka ne, dole igiyar ta karkatar da gas daga da'ira daidai wurin da muke neman aunawa. Shaida ta zo a 2006 daga W3(OH), wata mahaifar taurari a hannun Perseus. Ye Xu da Mark Reid da abokansu suka yi amfani da faifan rediyo goma na VLBA, daga Hawaii zuwa tsibiran Virgin, suka auna ɗan gocewar da wurin ke yi a sama yayin da Duniya ke kewaya Rana. Nisan ya fito kimanin tafiyar haske ta shekara 6,400, alhali tsohon lissafi yana ba da kusan ninki biyu. Gajimaren yana jan ƙafa a zagayensa, yana kuma karkata ciki.

Wani zai ce ashe aikin su Oort ya tashi a banza. Ban yarda ba, domin ba don lissafinsu ba da ba a sami ma'aunin da za a gane karkacewar da shi ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa karkacewa ba ta tabbatar da igiya mai dawwama irin ta Lin da Shu. Wannan gaskiya ne. Tun 1969 Alar Toomre ya nuna cewa irin igiyar tana gusawa ta mutu in ba abin da ke ciyar da ita, kuma hannun da ke tsirowa yana watsewa shi ma yana ture gas. Bayanan tauraron ɗan'adam na Gaia sun ƙara wani abu: a 2020 aka gano Igiyar Radcliffe, jerin gajimare mai tsawon tafiyar haske ta shekara kusan 9,000, a 2024 kuma motsin taurari matasan da ke cikinta ya nuna tana lilo sama da ƙasa, motsin da taswirar 1958 ba ta da gurbinsa sam.