Lemon Kwalba na Jiya: Ina Gold Spot, Ina Limca?

Duk wanda ya tashi a Hausari cikin shekarun 1970 zuwa 1980 ya san ba kullum ake shan lemon kwalba ba. Sai ranar Sallah, ko suna, ko in baƙo ya sauka daga Kano. A aiki yaro Babban Layi da kwalba a hannu, don mai shago ba ya ba ka sabuwa sai ka kawo tsohuwa, ko ka ajiye kuɗin kwalba. In an sha, mu yara mu kwashe marafen, mu jera su a ƙasa mu yi ƙwallo da su.

Shi wannan lemo daga kudu ya hauro mana. An kafa kamfanin Nigerian Bottling Company a 1951, ya fara cika kwalaben Coca-Cola a Legas a 1953. Seven-Up ta biyo baya a 1960. Da layin dogo ya iso Yerwa a 1964, kaya suka ƙara samun hanya, iyayenmu fatake kuwa suka shiga sarin kiret-kiret.

Amma ba waɗannan manya biyu kaɗai ke kasuwa ba a lokacin. Akwai Gold Spot mai ɗanɗanon lemon zaƙi, da Limca mai na lemon tsami, da Parle Soda, asalinsu duk daga Indiya. Akwai Afri-Cola ta Jamus. Akwai Crush, akwai Krest mai ɗan ɗaci wadda dattawa ke so bayan sun ci nama. Kowa da gwaninsa, har gardama ake yi a majalisa bayan la'asar.

To me ya kawar da yawancinsu? Na farko dai tsarin SAP na 1986. Naira ta faɗi, sinadarin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, ƙananan kamfanoni suka kasa. Na biyu, babban kifi ya haɗiye ƙarami: a 1993 Coca-Cola ta sayi Gold Spot da Limca a can Indiya, daga baya ta daina yin Gold Spot. Na uku, robar da ta maye gurbin kwalba. Mai shago ya huta da lissafin kiret, mu kuma muka samu kwatocin da ke toshewa duk damina.

Mu da muke kasuwa mun san kaya na zuwa, kaya na wucewa, ba abin kuka ba ne. Abin da ya fi damunmu shi ne na gida. Kafin kwalba ta zo, da kunun zaƙi, da zoɓo, da jiƙon tsamiya da maƙwabtanmu ke kira ardeb, su ake tarbar baƙo da su, a sanyaya a randa. Yau sai ka je walima ka tarar an jibge roba katan-katan, alhali ga gwauruwa a lungu tana dama kunun sayarwa, da shi take biyan kuɗin Islamiyyar marayunta.

Gold Spot kam ba mu da ikon dawo da ita. Amma kunun wannan baiwar Allah yana hannunmu. Don haka, jama'a, wanda zai yi suna ko ɗaurin aure bana, ya ware ko da rabin kuɗin lemo ya kai mata. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya sa albarka a kasuwarmu.