2.1 Asalin Wasan Kwaikwayo: Ƙasar Girka da Ƙasar Hausa

Akwai masu ra'ayin cewa Bahaushe bai san wasan kwaikwayo ba sai da Turawa suka kawo makarantun boko. Wannan fasali zai duba ra'ayin ta hanyar kwatanta asalin wasan a tsohuwar Girka da wasannin gargajiyar Hausawa.

A birnin Atina, wasan kwaikwayo ya samo tushe ne daga bikin bautar Diyonisas, inda rukunin maza ke waƙa da rawa. Wajen shekara ta 534 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Tesfis ya ware kansa daga rukunin yana amsa musu a matsayin wani mutum dabam. Daga baya Eskilas ya ƙara ɗan wasa na biyu, Sofokilis ya ƙara na uku. Maza kaɗai ke fitowa, suna rufe fuska da abin ɓad-da-kama, har su kwaikwayi mata. Shi kuwa Aristofanis ya shahara wajen yi wa shugabannin gari shaguɓe.

Idan aka dawo ƙasar Hausa, za a tarar wasan ya tsiro ne daga bukukuwa na wani lokaci cikin shekara. Tashe, wanda yara da samari ke farawa bayan goma ga watan azumi a birane da ƙauyuka irin su Dareta ta ƙasar Anka, ya ƙunshi shigar burtu, waƙa da amshi, da zambo ga gwauro da malalaci. A kalankuwa, bayan kaka, samari kan naɗa sarki da alƙali na wasa. A wasan gauta kuwa, matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa, wato akasin al'adar Girkawa, domin su nuna masa kurakuran da ba mai iya faɗa masa ido da ido.

Bambancin da ke akwai shi ne rubutu da dandamali. Girkawa sun gina filayen kallo na dutse kuma sun rubuta wasanninsu, Hausawa kuwa ƙofar gida da dandali ne fagensu. Rubutaccen wasa ya biyo baya da Six Hausa Plays na R. M. East da Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949. Ke nan boko ya kawo rubutu ne, amma kwaikwayo ya tarar da shi a gida.