Muhammadu Marwa Maitatsine: Rayuwarsa da Ta'asarsa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu duba yadda Muhammadu Marwa, baƙo daga garin Marwa na ƙasar Kamaru, ya yi sanadin halakar dubban rayuka a Kano. Ya iso birnin wajen 1945, ya yi suna wajen tsine wa masu amfani da rediyo da agogo da keke, har aka laƙaba masa Maitatsine. An kore shi a 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, amma ya sulalo ya dawo, ya kafa zango a 'Yan'awaki.

Ƙarfinsa ya dogara ne a kan gardawa da 'yan ci-rani. Farin 1973 ya tuttuɗo samarin karkara zuwa birni daga yankuna irin su ƙasar Gumel, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano. Marwa ya ba waɗanda suka faɗa hannunsa ci da makwanci, ya cusa musu ƙin duk Musulmin da bai bi shi ba. Da suka yawaita, sai suka mamaye gidajen maƙwabta, suka tare hanyoyi, shi kuma ya yi da'awar annabci.

Rikici ya ɓarke a filin Shahuci ran 18 ga Disamba 1980. Da 'yan sanda suka gaza, Shugaba Shehu Shagari ya tura soja, Marwa ya halaka. Kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ƙiyasta mamata 4,177.

Mutuwarsa ba ta kashe wutar ba, domin almajiransa sun sake tada ita a Bulumkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. A ganinmu, wannan ya nuna cewa yunwa da rashin gata su ne suka tara masa runduna.