Daga Ikko Zuwa Praha: Tarihin Sunan Gari a Bakin Baƙo

1.0 Gabatarwa

Sunan gari kan sauya kama idan ya faɗa bakin baƙo. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda hakan ta kasance ga birnin Legas a harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba, wato Hausa da Cek.

2.0 Ikko a Bakin Hausawa

Mazauna tsibirin sun san shi da Eko, su kuwa Turawan Fotugal suka laƙaba masa Lagos, wato tafkuna a harshensu. Fataken Hausawa a bakin Yarabawa suka tsinci sunan, suka daidaita shi da tsarin sautin Hausa ya koma Ikko, kamar yadda Ibadan ta zama Badun, Onitsha ta zama Anaca. Da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Badun a 1901, ta kuma isa Kano a 1911, sai cinikin goro ya ƙara jawo Hausawa Agege, inda Zango ya bunƙasa, daga bisani suka bazu zuwa unguwanni irin su Ogba. Ita kuwa kalmar Legas ta hannun Ingilishi ta shigo.

3.0 Lagos a Bakin Mutanen Cek

Mutanen Cek ba su yi cuɗanyar kasuwanci da Yarabawa ba, a littattafai da taswira suka san birnin. Saboda haka suka bar shi Lagos, sai dai nahawunsu ba ya ƙyale suna ya zauna haka nan. Suna yana da halaye 7 a harshen, kuma ƙarshensa kan sauya gwargwadon aikinsa a jimla. "A Legas" shi ne v Lagosu, kamar yadda Praha, babban birninsu, ke komawa v Praze. Wannan shi ne tudun farko da mai koyon harshen zai haura. Amma garuruwan maƙwabta da suka daɗe suna hulɗa da su, sun yi musu sunaye na kansu: Biyana ta Ostiriya ita ce Vídeň, Munik ta Jamus kuma Mnichov.

Harsunan biyu sun haɗu a aikin Petr Zima, masanin harsunan Afirka, wanda ya wallafa littafin koyon Hausa mai suna Hauština a Praha a 1973.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ƙa'ida ɗaya ce ke aiki a harsunan biyu: inda aka daɗe ana cuɗanya, suna kan narke cikin harshe, inda kuwa aka san wuri a takarda, sai a aro shi yadda yake. Ke nan Ikko shaida ce ta tsohuwar alaƙar Hausawa da Yarabawa. A yau Legas ta rinjaye ta a jaridu da rediyo. Ya kamata masana su tattara ire-iren waɗannan sunaye daga bakin dattawan Zangon Agege, su shigar da su ƙamus, domin idan suna ya ɓace, da tarihinsa yake tafiya.