Daga Bodinga zuwa Shagari: Ina Ake Kai Ƙarar Lauya?

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya nufi Tambuwal sai ya ratsa Bodinga, sannan Shagari. Gajeriyar tafiya ce a mota, amma garuruwan biyu suna riƙe da bakin zaren wata tambaya da har yau take ɗaure wa talaka kai: idan wanda ka ɗauka ya tsaya maka a gaban shari'a shi ne ya cuce ka, wa za ka kai wa kuka?

A shekarun da Shehu Usmanu ya yi a Sifawa, tsakanin 1810 da 1815, ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Bodinga. Shi ne ya rubuta Diya'ul Hukkami a Kano 'yan shekaru kafin nan, littafin da ya yi bayanin muƙaman mulki, har da na mai sauraron koken waɗanda aka zalunta. Babu lauya a wancan tsari, sai dai wakili, wanda mai ƙara kan naɗa ya yi magana a madadinsa. Malaman Malikiyya kuwa sun bai wa alƙali ikon ƙin karɓar wakilin da aka sani da yawan gardama da jan shari'a. Ke nan mai tsawata wa wakili yana nan zaune a kan buzunsa, a zauren da aka yi laifin, yana kuma jin harshen wanda aka cuta.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun bar kotunan alƙalai, suka kuma hana lauyoyi taka ƙafa a cikinsu. Ana iya cewa an kare talaka daga tsadar shari'a. A ganina, hanin ya yi wa Nasara da sarakuna daɗi fiye da yadda ya yi wa talakan. Ko da aka mayar da kotunan na yanki a ƙarshen shekarun 1960, ƙofar ba ta buɗe ba.

Ta buɗe ne ranar 1 ga Oktoba, 1979, ranar da aka rantsar da ɗan Shagari, Alhaji Shehu Shagari, a matsayin shugaban ƙasa. Tsarin mulkin da ya fara aiki a wannan rana ya bai wa duk wanda ake tuhuma da laifi 'yancin kare kansa ta bakin lauyan da ya zaɓa. Ba da jimawa ba, a shari'ar Uzodinma da Kwamishinan 'Yan Sanda, babbar kotu ta ce hanin ya saɓa wa tsarin mulki. Lauya ya shigo zauren alƙali.

Sai dai ya shigo ne da nasa alƙalan, kuma suna nesa. Dokar lauyoyi ta 1975 ta ɗora hukunta su a kan wani kwamitin ladabtarwa, LPDC, wanda ke ƙarƙashin majalisar manyan lauyoyi da alƙalai da ke rantsar da sababbin lauyoyi. Mazauninsa yana Abuja. Koken sai a rubuce, da harshen kotu, tare da takardar rantsuwa da hujjoji. Manomin da ya sayar da buhunan gero ya biya lauya a kan rikicin gona, aka yi ta ɗage zama saboda lauyan bai zo ba, da wuya a ce yana da ko rasit, domin a hannu ya miƙa kuɗin, bisa amana. Abin da ya saba shi ne ya je fadar hakimi. Hakimi zai saurare shi, wataƙila ya aika a kira lauyan a yi sulhu, amma ba shi da iko a kan lasisinsa.

Kwamitin yana da haƙori. Yana iya yi wa lauya gargaɗi, ya dakatar da shi, ko ya soke sunansa daga rajistar Kotun Ƙoli, yana kuma iya tilasta masa mayar da kuɗi ko takardun da ya riƙe. Mafi kusan ƙofa ga mutumin Bodinga ko Shagari ita ce reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya da ke Sakkwato, inda zai fara neman wanda zai rubuta masa koken da Turanci. Sau da yawa wannan mai rubutun ma lauya ne.