Zare: Yadda mashayin giya ya samu gado a asibiti

1/ Na ga ana ta cewa "in yana son daina giya ai sai ya je asibiti." Ku zo mu ɗan leƙa tarihi, don zuwa asibitin nan ba abu ne da aka samu a sauƙaƙe ba.

2/ A 1920 Amurka ta haramta sarrafa giya da sayar da ita, sai 1933 aka janye dokar. A shekarun nan mashayi mai laifi ne ko lalatacce. Asibitoci da yawa ba sa karɓarsa. Ko ofishin 'yan sanda, ko gidan mahaukata.

3/ A 1935, a garin Akron na jihar Ohio, Bill Wilson da wani likitan fiɗa, Bob Smith, suka haɗu. Dukansu giya ta ci su. Daga nan ƙungiyar AA ta samo asali. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙa'idar ɓoye suna. Sun gane kunya ce ke tare ƙofa, sai suka ce zo, ba mai tona ka.

4/ A 1944 wata mata, Marty Mann, wadda ita ma ta sha fama, ta kafa kwamitin wayar da kai cewa wannan ciwo ne. Ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da haka a 1956, ta nemi asibitoci su riƙa kwantar da mashaya. Kuɗin gwamnati kuwa sai 1970, da dokar Sanata Harold Hughes, shi ma tsohon mashayi.

5/ Mu dawo gida. Turawan mulkin mallaka sun hana sayar wa 'yan ƙasa barasa a Arewa, daga 2000 kuma jihohi suka ƙaddamar da shari'a. Haramcin giya a Musulunci ba abin musu ba ne. Amma wanda ya riga ya faɗa, ina zai nufa? Magidanci zai gwammace hantarsa ta lalace da a ce surukansa sun ji.

6/ Asibitin da ke lura da wannan matsala shi ne na ƙwaƙwalwa: Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato. Sunan kaɗai na korar mutane, ga nisa, ga kuɗin gado. Sai dangi su kai shi gidan mari. A 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Sai a 2023 sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin ta 1958.

7/ Don Allah ku riƙe wannan: wanda ya daɗe yana sha kullum, in aka kulle shi ya daina lokaci guda, jiki na iya ɗaukar karkarwa, jijjiga da gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, har ta kai ga mutuwa. Kwanakin farkon nan a gaban likita ake yin su.